Ƙanwata, kar ki sayar da gwal ɗin nan tukuna

Ga saƙon da ya shigo mana, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 26, ina Tudun Wadan Zariya, saura wata huɗu bikina. Tun ina sakandare nake fama da kuraje, yanzu sun ragu amma sun bar min ramuka a kumatu da baƙin tabo, kuma har yanzu in al'ada ta kusa wasu sukan fito. Akwai wani haɗin mai da wata take haɗa min a roba, ya haska ni amma ramukan suna nan. Kwanaki ƙanwar wanda zan aura ta ce a gaban mutane wai mai kwalliya za ta sha aiki ranar kamu, aka yi dariya, wallahi ranar ban runtsa ba. Na ga wata a Instagram tana tallar cewa ana ɗibar fatar mutum a rene ta a lab a mayar masa ta allura, ramuka su cike tamoji ya ɓace, wai tunda daga jikinka ne babu wata illa. Ta ce in tura rabin kuɗi a riƙe min waje, rana ɗaya za a gama komai, har ta ce in zo da Hajiyarmu a yi mata na tamoji za a yi mana ragi. Ina so in sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal da na gada wurin kakata. Sai dai akwai wani ƙullutu da ya fito min a kunne tun da na yi huji na biyu, yana ƙaiƙayi, ko zai hana? Kuma aikin ya halatta?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko Allah ya sanya alheri a auren nan, ya kai mu lokacin da rai da lafiya. Maganar da yarinyar nan ta yaɓa miki ta yi min zafi sosai, don na san yadda kalma ɗaya a gaban mutane take zama a ƙirjin mace ta hana ta sakat, musamman mace mai shirin shiga dangin da ba ta gama sanin halinsu ba. Zan dawo kan wannan. Amma bari in fara da abun da ya fi gaggawa: kar ki tura ko sisi, kuma ki mayar da gwal ɗin kakarki inda kika ɗauko shi. Ki karanta dalilaina har ƙarshe, in kin gama sai ki yanke hukunci da kanki.

Aikin da matar take talla akwai shi, ba tatsuniya ba ce, shi ya sa ma yake da saurin ruɗar mutane. A ƙarƙashin fatar da muke gani akwai wani sashe mai kauri, a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta da likitoci ke kira faibiroblas, su ne masu saƙa kolajin, wato zaren naman da yake riƙe fata ta tsaya cif ba ta lotsa ba. In ƙurji ya yi zurfi ya ci wannan zaren, wurin ya warke bai cike ba, shi ne ramin da kike gani. In shekaru suka ja ƙwayoyin suka rage aiki kuma, shi ne tamoji. To sai masana suka ce me zai hana a ɗebi waɗannan ƙwayoyin daga jikin mutum, a yaɗa su su yi yawa, a mayar da su daidai inda ya lotsa su ci gaba da saƙarsu a can. Yadda ake yi, likita zai kashe bayan kunne da allura, ya sa wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki ya ciro 'yan guntayen fata guda uku, kowanne faɗinsa milimita 3 kacal, a jefa su cikin kwalba mai ruwan magani a aika lab. A can za a raba ƙwayoyin a zuba su cikin ruwan abincinsu, a ajiye a injin da yake riƙe da ɗumin jikin mutum, digiri 37, ana canza musu ruwa ana raba su zuwa wasu kwalaben in sun cika, har su kai miliyoyi. Kin san yadda masu lambu suke renon tumatir a ɗan fili kafin a kai ga dashe, ba wanda yake zuba iri da safe ya dasa da yamma, to haka abun yake, rai ne sai ya ɗauki lokacinsa.

A Amurka wani kamfani mai suna Isolagen ne ya fara sayar da wannan aikin tun wajen 1995, daga baya hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta ce a dakata sai an yi gwaji irin na magani. Kamfanin ya yi ta fama har ya durƙushe a 2009, ya dawo da sunan Fibrocell Science, sannan a watan Yunin 2011 FDA ta amince da maganin nasu mai suna laViv. Amma ki lura da abun da aka amince a yi da shi, don nan ne masu talla suke tsallakewa: layukan nan biyu da suke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki, su kaɗai. FDA ba ta taɓa ba shi izinin ramukan kuraje ba, an dai yi ɗan gwaji a kansu an ga alamar amfani amma maganar ba ta kai ga izini ba. Koriya ta Kudu ce ta amince da wani irinsa don ramukan kuraje a 2010. Shi kuwa laViv, a 2016 kamfanin da kansa ya naɗe tabarmarsa ya koma wasu ayyukan.

Kuma ko a kan tamojin da aka ba shi izini, sakamakon bai kai yadda ake zuzuta shi ba. An yi manyan gwaji biyu da mutum 421, wasu aka yi musu allurar ƙwayoyin wasu aka yi musu ta ruwan kawai ba tare da sun sani ba. Da likitoci suka duba bayan wata shida, a gwaji ɗaya kashi 33 cikin ɗari ne suka samu canji mai kyau, a ɗayan kashi 19, su kuwa masu allurar ruwa kashi 7. Kin ga ya fi ruwa kam, amma mafi yawan waɗanda aka yi wa ba su kai matakin da likitocin suke nema ba. Sannan kusan dukkan mutanen da aka gwada fararen fata ne, fatar da ba ta amsa rauni yadda tamu take amsawa. Wanda duk zai ce miki ramuka za su cike tas kamar ba a taɓa yi ba, ya faɗi abun da masu maganin da kansu ba su faɗa ba.

Yanzu ki ɗauko kalanda mu yi lissafi tare. A ƙa'idar laViv renon ƙwayoyin kaɗai yana cin sati 11 zuwa 22, wani lokacin ma su ƙi yaɗuwa sai an sake ɗibar fata daga farko. In sun yi, allurar zama uku ce, tsakanin kowane zama sati 3 zuwa 6. Bayan nan ne ƙwayoyin za su fara saƙa a hankali, shi ya sa a gwajin sai da aka jira wata shida kafin a auna. Ke kuma wata huɗu gare ki, wajen sati 17. Ko da komai ya tafi daidai ba tangarɗa ko ɗaya, allurar ƙarshe za ta faɗo ne a satin bikinki, ki shiga lalle da fuska a kumbure da tabon allura, amfanin kuma bai zo ba. Wannan fa in aikin na gaskiya ne kenan.

Wanda kuma ba na jin shi ne, saboda kalma ɗaya da matar ta faɗa miki: rana ɗaya za a gama komai. Ƙanwata babu yadda za a yi a rene ƙwayar halitta ta kai miliyoyi cikin yini ɗaya, babu shi a Abuja babu shi a Dubai babu shi ko ina. Abun da ake iya yi a rana ɗaya shi ne a ja jininki a juya shi a inji a ware ruwan saman a mayar miki a fuska, ana ce masa PRP, likitocin fata suna amfani da shi wani lokaci a haɗe da wasu hanyoyin, amma ba shi ne abun da aka tallata miki ba kuma kuɗinsa bai kama ƙafar wancan ba. Ko kuma a cika miki ramin da wani ruwa mai kauri wanda jiki zai shanye bayan watanni, ki fito kina murna ki tura hoto, shekara ba ta zagayo ba ramin ya dawo. Mafi muni shi ne a ɗura miki abun da ba ki san mene ne ba. Kuma maganar nan ta "tunda jikinka ne babu illa" ita ta fi komai ba ni tsoro, don illar ba sai daga ƙwayar take zuwa ba, tana zuwa daga allura da hannu da kwalba. A jihar New Mexico ta Amurka an rufe wani gidan gyaran jiki mara lasisi a 2018, suna yi wa mata irin wannan aikin na jini a fuska, daga baya hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta bayyana a 2024 cewa bincikenta ya nuna alamar aƙalla mata uku a can suka ɗauko cutar HIV. Jininsu ne aka mayar musu, amma kayan aikin ba na tsabta ba ne. Lab ɗin da zai rene ƙwaya wata uku yana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa dare da rana, da ɗaki mai tace iska, da gwajin ƙwayoyin cuta kafin a saki ko ɗigo, da tsarin da zai hana a musanya kwalbarki da ta wata, kuma in an gama a kawo shi cikin sanyi a yi allurar cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai irin wannan wurin ba ya neman rabin kuɗi ta Instagram kafin likita ya ga fuskar mutum.

To mu zo kan ƙullutun kunnenki, wanda kika saka shi a ƙarshe kamar ƙaramin abu alhali ni a wurina shi ne babbar magana a duk saƙonki. Yadda kika kwatanta shi, ya fito bayan huji, yana ƙaiƙayi, ya ƙi tafiya, ya yi kama da abun da ake kira kiloyid, tabon da ba ya tsayawa a iyakar ciwon, ya yi ta tasowa yana faɗi, mai tauri da sheƙi in kin taɓa shi kamar roba. Mu baƙar fata ya fi kama mu, yana bin dangi, kuma wuraren da ya fi so su ne kunne da ƙirji da kafaɗa da gefen muƙamuƙi. Kin san me yake haddasa shi? Waɗannan faibiroblas ɗin dai, in suka yi aiki fiye da kima suka ƙi tsayawa. Wato in ya tabbata kiloyid ne, naki ƙwayoyin sun riga sun nuna halinsu, an yi musu ɗan huji sun gina tudu. Yanzu kuma ana so a yanki fata a bayan wannan kunnen dai har wuri uku, a ninka ƙwayoyin zuwa miliyoyi, a bi kumatunki da allura ana zuba su. Takardar laViv da kanta ta yi gargaɗi a kan kiloyid, daga wurin ɗibar fatar da kuma wurin allurar. Rami a kumatu hoda tana rage shi, amma tudun kiloyid a fuska fa sai dai a yi ta jinya shekara da shekaru, kar garin neman gira a rasa ido. Shi kansa na kunnen ana maganinsa, yawanci da wata allura da ake yi a cikin tsokar tabon duk bayan 'yan makonni tana sa shi ya yi laushi ya kwanta ƙaiƙayin ya lafa, wani lokaci a haɗa da mannin silikon ko ɗan kunne mai matsewa. Don Allah kar ki bari wanzami ko wani a kemis ya yanke miki shi, kar a ɗaure shi da zare, in aka yanke shi kawai ba a bi da magani ba sau da yawa dawowa yake ya fi na da girma. Kuma huji ya ƙare, ko na hanci kar ki yi don biki.

Sai man robar nan. Ban ga abun da ke ciki ba ke ma ba ki gani ba, kuma matsalar kenan. Abun da aka fi zubawa a irin wannan haɗin mai saurin haskawa shi ne man sitiroyid mai ƙarfi, irin wanda in kin duba jikin kwalinsa za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone, da hydroquinone, wani lokaci har da makuri, wato zaiba. Sitiroyid yana sa fata ta yi fes a watannin farko, daga nan sai ya fara cinye ta, ta yi siriri jijiyoyi su fito, nankarwa ta fashe, gashi ya tsiro a fuska, kuma shi kansa yana kawo kuraje. Abun da zai ba ki haushi ma, aikinsa shi ne danne waɗannan ƙwayoyin masu saƙa kolajin. Wato da hannu ɗaya kina neman miliyoyi don a ƙara miki su, da ɗaya hannun kullum dare kina shafa abun da yake kashe musu ƙarfi. Fatar da ta yi siriri ramukanta sun fi fitowa, kuma in aka huda ta ba ta saurin warkewa. Hydroquinone kuma in an daɗe ana shafa mai ƙarfi yana juyewa ya bar wani baƙi-baƙi mai shuɗi a saman kumatu, kin sha ganin shi a fuskar mata a gidan biki, wanda yake da wuyar fita ƙwarai. Amma kar ki watsar da shi dare ɗaya ki zauna haka, fatar da ta saba da sitiroyid in aka yanke mata farat ɗaya takan yi ja ta yi zafi kuraje su feso, sai ki tsorata ki koma. Ki ɗauki robar yadda take ki kai wa likita, shi zai tsara miki yadda za ki sauka a hankali.

Ga wani ɗan gwaji da nake so ki yi yau da daddare. Ki wanke fuska ki kashe fitilar ɗaki, ki kunna tocilan wayarki ki riƙe ta ta gefen kunne yadda hasken zai kwanta a kan kumatu, ki kalli madubi. Duk tabon da ya yi inuwa rami ne. Duk wanda baƙi ne kawai amma in kin shafa da yatsa sumul yake, wannan launi ne ba rami ba, kuma ina kyautata zaton su suka fi yawa a fuskarki don haka fatarmu take, ko sauro ya cije mu muka sosa sai wurin ya yi duhu. Irin waɗannan suna dushewa da kansu cikin watanni in an daina samun sababbin kuraje an kuma kare fuska daga rana, magani yana ƙara musu sauri, ba su buƙatar ƙwaya ba su buƙatar lab. Sannan ki sa yatsu biyu ki ɗan ja fatar da ke gefen ramukan. Waɗanda suka baje suka ɓace da kika ja, masu faɗi marasa kaifin baki, su ne masu sauƙin gyara, galibi wani zare ne a ƙasa yake janye su, likita yana shiga da allura ta ƙarƙashi ya tsinke zaren fatar ta taso. Masu baki a tsaye irin zanzana suna son wata hanyar daban. Ƙanana masu zurfi kamar an soka tsinke kuma, ɗigon wani asid ake sa musu a can ciki da ɗan tsinke, zama bayan zama, bakinsu yana haɗewa. Akwai kuma na'ura mai ƙananan allurai da ake bi da ita kan fata don a tayar da ƙwayoyinki su yi saƙa a inda suke, ba sai an kai su ko ina ba. Leza, wato na'urar da take aiki da haske mai ƙarfi, ita ma tana aiki amma a baƙar fata sai a hannun wanda ya ƙware, in aka yi ganganci ƙona fuska take ta bar baƙin da ya fi na farko. Duk waɗannan rage rami suke ba shafe shi ba, kuma da yake dukkansu rauni ne ake yi wa fata da gangan, mai kiloyid sai an yi taka-tsantsan, likita zai iya gwadawa a ɗan wuri ɗaya ya jira ya ga yadda jikinki zai amsa, zai iya kuma ce miki wasu ba naki ba ne.

Kina Zariya fa, ba ki da nisa da taimako. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin fata da likitocin tiyatar gyaran jiki, daga Tudun Wada kuɗin mota ne kawai. Ki je ki yanki kati ki ce likitan fata kike son gani, ki shirya wa layi da jira, ki tafi da sassafe. In kin shiga ki faɗa masa abu huɗun nan ko bai tambaya ba, kurajen da suke fitowa lokacin al'ada, man robar, ƙullutun kunne, da ranar bikinki. Ranar bikin tana da muhimmanci ba don kwalliya kaɗai ba, don wasu magungunan kuraje ba sa haɗuwa da ciki. Akwai ƙwayar sha mai suna isotretinoin, tana da ƙarfi sosai a kan kuraje amma tana nakasa jariri in aka samu ciki ana shanta, kar ki kuskura ki saye ta a kemis don wata ta ce ta yi mata aiki. Man tretinoin da adapalene da ƙwayar doxycycline su ma ana ajiye su in ana sa ran ciki. Akwai waɗanda ake iya ci gaba da su kamar azelaic acid, wanda yake taɓa kuraje ya taɓa baƙin tabo a tare. Likita ne zai zaɓa miki, ni dai ina so ki shiga kin san abun tambaya.

Abun da wata huɗu za su iya yi miki da gaske shi ne a tsayar da sababbin kuraje, don ba a gyaran rami ana haƙa wani a gefe, a raba ki da man robar, baƙin tabo ya fara dushewa, kunnen ya fara kwanciya. Wannan kaɗai in ya samu wallahi za ki ga fuskarki ta canza, don in launi ya daidaita ramin ba ya ɗaukar ido kamar da. Ki nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ki riƙa shafawa duk safiya, ranar Zariya ba ta wasa, kuma hijabi ba ya rufe kumatu. Ki cire hannu daga fuska, matsa ƙurji da farce shi ya haƙa da yawa daga cikin ramukan da mata suke kuka da su. Lemon tsami da man goge baki da dirzar fuska da soso duk ki bar su. In lokacin gyaran jiki ya zo ki ce wa mai dilka da halawa iyakarta wuya, kar ta hau fuska, musamman in kina kan maganin likita don fatar takan yi laushi halawa ta ɗaye ta. Kuma kar a yi miki wani sabon aiki a fuska in ya rage saura wata ɗaya. Aikin ramukan kuma a fara shi bayan biki a natse, ba wanda yake kora ki.

Hajiya kuma ki bar ta ta huta. Ita ce ma aikin na asali ya fi dacewa da irin matsalarta in har ta damu, amma a saƙonki ban ga inda ita ta ce ta damu ba, mai talla ce ta jawo ta ciki don kuɗin ya ninku. Wurin da ake yi wa allura ragi in kin zo da mahaifiyarki, a wurina wannan kaɗai ya isa ki ja baya.

Maganar halacci, malamai da yawa suna bambanta tsakanin gyara aibin da ciwo ko haɗari ya jawo da canza halitta don neman ƙarin kyau kawai, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke masa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Tabon kuraje ciwo ne ya bar shi, neman maganinsa neman magani ne. Ki ƙara tambayar malamin da kika yarda da shi don zuciyarki ta natsu, ki haɗa masa har da maganar man da yake sauya launin fata, don ita ma tana buƙatar amsa.

Yanzu maganar ƙanwar mijin naki. Na duba saƙonki sama da ƙasa ban ga inda shi mai auren ya taɓa cewa komai a kan fuskarki ba. Ya gan ki da rana ya gan ki da dare a zaure, ya gan ki ranar da kurajen suka fito, ya turo manyansa aka sa rana. Ba ina cewa ki daina damuwa ba ne, fuskarki ce kuma kina da haƙƙin ki so ta gyaru, ni ma ina so ta gyaru. Abun da ba na so shi ne maganar yarinya ɗaya ta zama ita ce take yanke miki hukuncin abun da za a soka a fuskarki da abun da za ki sayar. Ki samu lokacin da kuke cikin raha ki faɗa masa a hankali, ba ƙara kike kai wa ba, ki ce an faɗi kaza ya yi min ciwo, kuma ina ganin likita a kan fatata. Yadda zai amsa zai nuna miki abubuwa da yawa, kuma gara ya san da maganar asibitin tun yanzu tunda bayan biki shi zai riƙa kai ki Shika. Ki faɗa wa Hajiya ma, har da batun gwal ɗin, kar ki ɗauki wannan nauyin ke kaɗai kina kwana ba barci. In kuma kin ga damuwar ta kai kin daina fita, kin daina cin abinci, ko kina yini gaban madubi, wannan ma ki faɗa wa likitan, yana cikin abun da ake dubawa.

Matar Instagram za ta sake kiranki, za ta ce waje ya kusa cika ko ragin zai ƙare gobe. Ki tambaye ta cikakken sunan likitan da zai yi aikin da lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da take yi wa likitoci rajista a Najeriya, ki tambaye ta sunan lab ɗin da inda yake da wanda ya ba shi izini, sati nawa renon yake ɗauka, sannan ki ce mata kina da kiloyid ki ji me za ta ce. In ta ce ba komai ki zo kawai, ki toshe lambar. Ki rubuto min bayan kin dawo daga Shika in ji abun da likita ya ce game da kunnen, Allah ya ba ki lafiya ya ba ku zaman lafiya.